Giwan Ruwan Sha Huɗu Ga Wata

Hafsa, wannan babin naki ne, ko da yake ƙannenki ma su karanta. Satin bikinki, muna zaune a falo muna ninke atamfofi, kika ɗaga kai kika dubi hoton nan da ke jikin bango, wanda Abbanku ke rungume da kifi wandonsa a jiƙe har cinya, kika ce cikin dariya, "Mama, kifin da ya hana ki ganin Inna ke nan." Ni ma na yi dariya, don lokacin farin ciki ne, gidan kuma cike da baƙi. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji tun ranar. Ga shi yanzu ke ma kin zama uwa, ni kuma idona ya fara gajiya da rubutu, shi ya sa na ce bari in faɗa miki yadda abin ya kasance tun ina iyawa.

Shekararmu ta huɗu ke nan a Kuala Lumpur, a gidanmu na hawa tara a Wangsa Maju, wanda in jirgin ƙasa ya wuce sai kofunan da ke kan kanta su yi ƙara. Abbanku yana digirin digirgir. A farkon shekarar ya gabatar da aikinsa gaban kwamitin malamai, aikin shekara uku cur, suka ce hanyar da ya bi tun daga tushe ba ta yi ba, sai ya sake. Malamin da ke duba aikinsa ya daɗe yana nuna masa haka a hankali, shi ne bai saurara ba. Ya dawo gida ranar bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi.  Mutumin da ke shigowa da sallama tun daga bakin lif, ya koma zama a kujerar baranda yana kallon rufin gidajen mutane. Sai ya rage cin abinci. Sai ya daina sauka masallacin ƙasa jam'i, yana yi a ɗaki. Wata rana ina goge saman firij na tarar da takarda a ninke, fom ne na janyewa daga karatu, ya cike komai har sa hannu, kwanan wata kaɗai ya bari. Na mayar da shi inda yake, na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ku ji kukana.

Kun san Abbanku ɗan Yawuri ne, jikan Sarkawa, gidansu gidan su ne tun kaka da kakanni. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda ya bar ruwa. Yana yaro yayyensa na dawowa da kwale-kwale cike, shi kuwa ko fatsa ya jefa sai ta dawo wayam. Mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, ya dube shi wata safiya a gaban mutane ya ce, "Kai ruwa bai karɓe ka ba. Je ka gwada boko." Da wannan maganar ya yi firamare, da ita ya yi jami'a, da ita ya hau jirgi ya zo nan. Ni kuwa da wauta ta matar da ke son ta ga mijinta ya motsa, na ce masa ya sayi sandar fatsa mu riƙa zuwa bakin teku ranar Asabar ya sha iska. Ban san tsohon ciwo nake shirin taɓawa ba.

Haka muka fara zuwa Bagan Lalang. Da an sallame asuba za mu hau tsohuwar motarmu, ku kuna barci a baya, mu isa hantsi na ɗagowa. Dokar mahaifinsa ce, su da sassafe ake yi, rana na take tsaka masunci ya naɗe kayansa. A kogin Kwara gaskiya ce. Sai ya kafa sandarsa a rairayi, ya sa wa ƙugiya guntun kifi, ya wurga, ya tsaya. Ni in shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyoyin nan masu siririn ganye, in zuba muku abinci. Kafin azahar ya naɗe mu dawo. Wata huɗu muna haka. Abin da ya kama duka bai wuce wasu ƙananan kifaye masu ƙaya ba, da kaguwa guda da ta cije shi a yatsa. Ran Litinin in shiga kasuwar Chow Kit in sayo kifi, in na ajiye a tebur ke da bakinki kike cewa, "Abba, wannan naka ne ko na Chow Kit?" Yarinya ce ke, shekara sha ɗaya, wasa kike. Yana murmushi, amma ina ganin yadda cokalin ke tsayawa a hannunsa.

Wata Asabar ta faɗo ranar sha huɗu ga watan Musulunci, ina azumin tsakiyar wata, wanda Inna, mahaifiyata, ta saba mana da shi tun muna 'yan mata a Kano, sha uku da sha huɗu da sha biyar. Da muka isa mun tarar rairayin a jiƙe har gindin bishiya, amma ruwan yana ta ja da baya, yana ja, kafin rana ta take ya tafi can nesa har sai ka kare ido da hannu kafin ka hango shi. Taɓo kawai ya bari da ƙananan kaguwa suna guje-guje. Abbanku ya tsaya da sanda a hannu, ƙugiyarsa na kwance a kan busasshiyar ƙasa. Ya juyo ya dube ni.

"Kin gani ko? Har gudu na yake yi."

Ya zubar da sauran abincin ƙugiyar, ya shiga mota ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula. Ban tashe shi ba, don ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Ku kuka tafi tsintar bawon kodi. Ni na yi azahar, na kishingiɗa da carbina, yunwar azumi ta sa na yi gyangyaɗi. Da na farka na ɗauki sallayata na matsa can gaba kan rairayi inda ba kowa, na ta da la'asar. Ina zaman tahiya na ji sanyi a gwiwata. Ruwa ne. Ruwan da ɗazu ko hango shi ba a yi, ya dawo ba hayaniya, ya ci rabin sallayar. Na sallame na ja da baya ina salati. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba a wata huɗun nan, saboda kullum a wannan lokacin muna gida: tsofaffin Malayu suna ta isowa a kan babura, kowa da sandarsa da ɗan bokiti, suna nufar can gefe inda wani kogi ke shiga teku.

Akwai wata tsohuwa da ke sayar da soyayyar ayaba da ruwan kwakwa a wata rumfa, ita ce nake kira Mak Cik, yadda ake kiran duk wata dattijuwa a nan. Mijinta masunci ne kafin ya rasu. Na je mata da sallaya tana ɗiga, da guntun Malayancina na kasuwa. Ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce ai ta daɗe tana kallon mijina, kullum yana zuwa ruwa na tafiya, yana tafiya ruwa na zuwa, har sun sa masa suna mai rakiyar ruwa. Ta ce manyan kifi tare da cikar ruwa suke shigowa, su biyo jatan lande zuwa bakin kogi. Sunan cikar a bakinsu pasang. Na tambaye ta yaushe ya fi cika. Ta ɗaga ludayinta ta nuna sama, ta zana da'ira.

"Wata, 'yata. In ya cika, da in ya ɓace. A waɗannan kwanakin kuwa a nan da yamma yake tasowa. Me ya hana mijinki tambaya? Kullum yana wuce ni, ko ayaba ba ya saye."

A mota na gaya masa. Ya saurara yana kallon titi.

"Maman Hafsa, ke Bakanuwa, me kika sani game da ruwa ban da na famfo?"

"Na san ya jiƙa mini sallaya."

"Kakana ya yi su, ubana ya yi su, babu wanda ya taɓa duba kalanda kafin ya shiga ruwa. Kuma ma na gama. Ba zan sake zuwa ba. Boko ya ƙi ni, ruwa ya ƙi ni, sai in tattara in koma gida kowa ya huta."

Da muka dawo na tsaya gaban kalandar masallaci da ke kicin, mai ɗauke da kwanan wata biyu, wadda nake yi wa ɗigo da biro a ranakun azumina. Na bi Asabar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ina tuna inda na shimfiɗa tabarma, ranar da rairayi ke jiƙe har gindin bishiya da ranar da ruwan ya tsaya tsaka-tsaki kamar mai jin kasala. Duk suka hau kan maganar tsohuwar. Ni da na bar makaranta a aji shida na sakandare, na tsaya a kicin ina mamakin Ubangijin da ya ɗaure wannan uban ruwa da watan da nake leƙawa ta taga don in san ranar sahur. Ƙarshen wata ya zo, na roƙi Abbanku mu koma ruwan, ya ƙi. Saura dama ɗaya, sha huɗu ga wata mai kamawa, ranar Litinin. Juma'ar wannan satin ce ranar ƙarshe da makaranta ta ba shi ya faɗi ko zai ci gaba ko zai janye. Ranar Lahadin kuma, sha uku ga wata, ita ce ranar da aka yi mini tikitin zuwa Kano in ga Inna, wadda shekara huɗu rabona da ita, ga ciwon ƙafa ya kwantar da ita.

Na yi istihara kwana uku, sannan na kira ta.

"Inna, ina so in ɗaga tafiyar nan."

"Lafiya? Yaran ne?"

"A'a, Inna. Wata ne zai cika."

Na kwashe komai na gaya mata, fom ɗin saman firij da maganar surukina da sallayar da ta jiƙe. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Oh ni 'yasu! Mutum ya ƙetare duniya neman ilmi, ya ɓige da neman kifi!" Sai muryarta ta sauya. "Yana cin abinci?"

"Kaɗan."

"Jam'i fa?"

"Ya daina sauka."

"To Rabi, zauna. Ni nan masu miƙo mini buta sun kai shida, har faɗa suke a kaina. Shi wa yake da shi a can in ba ke ba? Ki kai shi ruwan. In an kama ki kira ni, ina so in ji girmansa."

Da na gaya wa Abbanku na fasa tafiya, a karo na farko cikin wata shida ya ɗaga murya.

"Kin fasa ganin Inna saboda kifi? Kina da hankali kuwa?"

Kina bayan labulen ɗakinku a lokacin, na ga 'yan yatsun ƙafarki. Na san daga nan kika ɗauki maganar, kika riƙe ta shekara da shekaru. Abin da ba ki ji ba shi ne amsata, don a hankali na faɗa. Na ce masa, "Malam, ban taɓa roƙonka komai a garin nan ba. Ran Litinin ina azumi, ina so in sha ruwa a bakin teku. Ka kai ni. In mun dawo fom ɗinka na nan inda ka ajiye shi, ni da kaina zan miƙo maka biro." Ya dube ni, ya gane na san da takardar. 

Litinin bayan azahar muka bar ku a hannun maƙwabciyarmu muka kama hanya. Mun isa ruwan yana can nesa, ya fara juyowa. Mak Cik ta hango mu ta fito daga rumfa tana tafa hannu. Ta riga ta sa an ajiye mana jatan lande masu rai a bokiti. Ta kama hannun rigar Abbanku kamar ɗanta, ta nuna masa yadda ake soka ƙugiya ta wajen wutsiya don abin ya ci gaba da motsi, ta nuna masa bakin kogin, wajen itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye a taɓo. Ina kallon wuyansa ya ƙage, jikan Sarkawa wata mai ayaba na koya masa su. Na ce shi ke nan, yanzu zai juya. Sai na ji ya ce da ƙaramar murya, "Nan, ko can gaba?" Wallahi Hafsa, wannan tambayar kaɗai ta ishe ni ladan zuwa.

Muka yi la'asar. Ruwa ya riƙa shigowa yana cike ramuka, yana hawa saiwoyin nan, launinsa ya tashi daga na taɓo ya koma kore. Awa guda ba komai. Wani tsoho a gefenmu ya ciro ɗan madaidaicin kifi. Abbanku ya canja jatan lande sau huɗu, ba ya kallona. Ni kuwa bakina ya bushe, ina jan carbi ina cewa, ya Allah ba don kifin ba, kai ka san don me. Rana ta yi ja ta sauko daf da ruwa. Sai na ji wani tas, kamar an buɗe murfin kwalba a cikin ruwan, sandar ta lanƙwashe har kanta ya kusa taɓa ruwa, abin naɗe zaren ya ɗauki kuka.

Kifin ya yi tsalle, gaba ɗayansa ya fito, fari sol kamar sabon kwano, baki a wangame yana girgiza kai. Tsofaffin nan suka ɗauki ihun sunan kifin da yarensu, "Siakap! Siakap!" Abbanku kuwa da Hausa ya ƙwala, da irin muryar da ban ji ba tun muna amarci.

"Giwan ruwa ne! Rabi, wallahi giwan ruwa ne, irin namu!"

Gaban mutane ya kira sunana, bai ma sani ba. Daga nan ban ƙara ganin ɗalibin da kwamiti ya kayar ba. Wani mutum na gani wanda hannunsa ya san abin da yake yi. Kifin ya ja, Abbanku ya sakar masa zare. Kifin ya nufi saiwoyi inda zai tsinke zaren, shi kuma ya kwantar da sandar gefe ya bi gaɓa da sauri yana juyo da kansa. Yana yi yana magana shi kaɗai, yana maimaita abin da ya ji mahaifinsa na gaya wa yayyensa a kwale-kwale shekara talatin da suka wuce, cewa kada a yi ƙarfi da shi yana da ƙarfinsa, a jira ya nuna ciki. Ashe duk yana nan a kansa. Sau uku kifin na zuwa kusa yana komawa. A na huɗu ya kwanta a gefensa cikin ruwa iya gwiwa.

"Riƙe! Ɗaga kan sandar sama, kar ki sassauta!"

Ya danƙa mini sandar ya faɗa ruwa da wandonsa da agogonsa. Ni da hijabi har ƙasa, da azumi a baki, na riƙe abin nan yana fizga kamar an ɗaure ɗan maraƙi, ina ta Hasbunallahu da ƙarfi. Ya zura babban yatsa a leɓen kifin na ƙasa, ya tallafo cikinsa, ya miƙe da shi a ƙirji. Tsawon kifin ya fi hannunsa tun daga kafaɗa. Yana fitowa ana kiran magariba a ɗan masallacin ƙauyen. Mak Cik ta miƙo mini kwakwa a fashe, na sha ruwa ina kuka ina dariya. Ita ta ɗauki hoton da wayar Abbanku, duhun da ke kusurwar hagu yatsanta ne. Ya ajiye kifin, ya wanke hannu, ya bi tsofaffin nan masallaci da wandonsa a jiƙe. Jam'insa na farko ke nan tun da ya daina sauka masallaci.

A mota na kira Inna. Ta ce, "Ya kai tabarya?" Na ce ya fi rabinta. Ta rangaɗa guɗa a waya da 'yar muryarta, ta ce a ba ta surukinta. Ban ji abin da ta ce masa ba, na dai ji yana ta "Na'am, Inna. In sha Allahu, Inna," yana share ido da bayan hannu.

Kifin bai shiga wurin wanke-wanke ba, sai a ƙasan kicin muka yi aikinsa. Na shimfiɗa tsofaffin jaridu ba su isa ba. Abbanku ya miƙa hannu saman firij, ya ɗauko fom ɗin nan, ya warware shi, ya shimfiɗa ƙarƙashin kan kifin, ya ci gaba da kankare ɓawo a kai. Bai dube ni ba ya ce, "Wata huɗu ina wuce matar nan ban tambaye ta ba. Shi ma malamin nawa shekara guda yana nuna mini hanya. Gobe zan je in ce masa, nan ko can gaba." Kika leƙo kika ce, "Abba, wannan naka ne ko na Chow Kit?" Ya ce, "Na Mamanku ne. Ni ɗauko mata kawai na yi." Gida bakwai muka kai wa a benenmu.

Sauran kun sani. Shekara biyu bayan nan ya sa doguwar rigar nan ta kammala karatu da hula mai lebatu, makarantar ta riƙe shi koyarwa, muka zauna. Abin da ya rage in faɗa shi ne mai nauyin. A shekarar da aka kama kifin, an sake yi mini tikiti bayan ƙaramar salla. Saura kwana goma sha ɗaya in tashi, Inna ta kwanta barcin rana ba ta farka ba. Ban gan ta ba, ban wanke ta ba, kuma ba zan ce miki hakan bai yi mini ciwo ba, har yau in na ji ƙamshin man zafin da take shafawa sai na nemi wurin zama. Amma ba kifi ne ya hana ni ganinta ba, Hafsa. Ita ta aike ni, na je, na kuma dawo mata da abin da ta aike ni nema, ta ji da kunnenta ta yi guɗa. Allah ya kai haske kabarinta.

Ina wannan rubutun ga Abbanku can a falo, furfura ta cinye gemu, yana ta ƙwanƙwasa akwatin ƙugiyoyinsa. Mutumin da ɗalibai ke layi a ƙofar ofishinsa, mai waya cike da jadawalin ruwa, har yau bai yarda da kowanne ba sai ya ji daga kicin. Ga shi nan ya ɗago murya.

"Maman Hafsa, yau nawa ga wata?"

Sha uku ne. Bari in ajiye biron nan in je in nemo tsohuwar sallayata, wadda ba na jin tsoron ta jiƙe.